Musayar waƙa: mutumin kirki a wajen tsohon Lu

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Jigon makon nan mutumin kirki a koyarwar Konfushiyas, malamin ƙasar Lu ta Sin, wanda ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amsa-amo "ba". Bismillah.

Tsohon Lu ya faɗa wa ɗalibai,
Girma hali ne, ba gado ba.
Na kirki adalci yake dubawa,
Ƙaramin mutum ba ya wuce riba.
Barga ta ƙone, ya ce, "Wa ya ji ciwo?"
Ko doki ɗaya bai tambaya ba.

Bakatsiniya:
Yaya na Zazzau, sannu da wa'azi,
Kai da bashina ba ka biya ba.
Da babur ɗinka ne ya ci wuta,
Da ba mu runtsa a unguwa ba.
Yan Hui, ɗalibin tsoho, ɗan kwano da goran ruwa,
A lungu yake, bai yi ƙorafi ba.

Na Rimi: Allah ya ja zamanin Katsina! Zazzau an sha ƙasa tun zagayen farko.

Ɗan Zazzau:
Yan Hui da kike ta yabo, ƙanwata,
Almajirin bai yi tsawon rai ba.
Ke ma ki gwada kwano ɗaya a wuni,
Mu gani in ba ki kira ni ba.

Malamin Aruli: Ɗan Zazzau, koma baitinka na farko. Ɗango na biyu gaɓa 9, na huɗu 11. Waƙar na ɗingishi.

Na Rimi: Malam, ai aruli nauyin gaɓa yake dubawa, ba yawanta ba. Amma dai gurguwa ce, na yarda.

Ɗan Zazzau: A rera a ji. Ni da kunne nake awo.

Malamin Aruli: To kunnen ne za a kai asibiti.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri da jinkiri, intanet ɗinmu ne. Malam, ajiye sikelin, ga tambaya:

Mai mulkin She ya ce, "A garinmu
Akwai wanda bai san kara ba:
Ubansa ya ɗauke tunkiyar wani,
Ya ba da shaida, bai ɓoye ba."
Tsoho ya ce, "Mu a wajenmu
Gaskiya, ɗa ya rufa wa uba."
To ku masu yabo, ku ba ni amsa,
Mai tunkiya fa, ba mutum ne ba?

Bakatsiniya: Kai! Wannan ta fi ƙarfin Zazzau. Bari in taimake shi da Mengzi, malamin Sin mai bin koyarwar Konfushiyas:

Mengzi ya ce, ka ga yaro a bakin rijiya,
Ba za ka tsaya lissafi ba.
Tausayi tun daga gida yake tsira,
Wanda bai ji uba ba bai ji kowa ba.

Ɗan Damagaram:
Xunzi, shi ma mabiyin tsoho, ya ce, hajiya, ba haka ba ne,
Ba a haife mu a miƙe ba.
Karkataccen icce sai an gasa shi,
In babu horo, bai miƙu ba.
Kuma har yanzu ina jiran amsa,
Ba ki maido da tunkiyar ba.

Malamin Aruli: Hajiya, ɗangon rijiyar nan ya yi tsawon igiyar guga. Damagaram kuma ya sa "miƙe" da "miƙu" a baiti guda.

Na Rimi: Na Katsina ba ya laifi, Malam. Duba na Zazzau.

Malamin Aruli: Na duba. Har yanzu 9 da 11 ne.