Katin 'Yan Jarida a Filin Ƙwallo: Har da Masu Shafin Magoya Baya?

Auta: Assalamu alaikum 'yan majalisa. Da tsakar dare muka shigo Kano daga wasan waje, har yanzu raina bai huce ba. Yini guda muna cikin bas, kuɗin mota daga aljihuna. Da na isa ƙofar da 'yan jarida ke shiga, wani jami'i ya kalli wuyana ya ce ina kati. Na buɗe masa shafinmu na magoya bayan Kano Pillars a waya don ya ga shekarun da muka yi muna kawo labarin kowane wasa. Ko kallon wayar bai yi ba, da haɓa ya nuna min ƙofar 'yan kallo. Ina nan tsaye wani ya zo da kati a wuya ya shige, kuma kafin a dawo daga hutun rabin lokaci na hango shi yana fita. A tsaye na yi aikina, ana bangaza ta, caji saura kaɗan. Maganata ɗaya ce: duk mai shafin magoya baya da ke bin wasa tsakani da Allah ya cancanci kati daidai da ɗan rediyo. Wanda bai yarda ba ya fito.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Sannu da hanya ɗana. Ga ni na fito. Wace riga ce a jikinka jiya?

Auta: Ta Masu Gida mana, Kawu. Ruwan ɗorawa da kore.

Kawu: To ai ka yanke wa kanka hukunci. Na yi shekaru ina riƙe da makirufo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ban taɓa hawa wajen zaman 'yan jarida da rigar ƙungiya ba, alhali ina son Pillars tun da aka kafa ta a 1990, kai ko haihuwarka ba a yi ba. Kujerar nan wurin aiki ce. Ba ladan soyayya ba ce, ba kuma ramuwar kuɗin mota ba. Sannan ni in na yi ƙarya a iska akwai edita a kaina, akwai SWAN ta marubuta wasanni, akwai NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, da za ta iya kira na ofishinta na Farm Centre in yi bayani. Kai in ka rubuta cewa alƙalin wasa ya ci kuɗi, wa zai kira ka?

Ɗan Jidda: Kawu a yi min afuwa in sa baki. Mu da ke nesa da gida mun san amfanin yaron nan. Da Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, ni dai a wurin Auta nake jin wa aka saka, wa ya ji rauni, minti nawa aka ci, har muka dawo firimiya a 2023. Wanda ya bi ka lokacin da kake ƙasa bai kamata ka bar shi a bakin ƙofa ba in ka hau sama.

Barista: Ta fuskar doka kowannenku ya kama rabi. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗar ra'ayi da yaɗa labari, har da kafa kafar yaɗa shi. Bai ce sai mai difloma ba. Don haka babu mai hana Auta rubutu. Amma katin shiga fili wani abu ne daban: izini ne daga masu shirya wasa, da sharaɗinsu, kuma suna iya janyewa. Tsarin mulki bai ajiye wa kowa kujera ba, har Kawu.

Mai Hoto: Ku bar ni in faɗi abin da ake ɓoyewa. Ni a bayan raga nake zama, sanye da falmaran mai lamba, ƙasa da rana duk nawa. Yawancin yaran da ke neman katin nan ba rubutu suke son yi ba. So suke su tsaya bakin layi su ɗaga waya su haska wasa kai tsaye a Facebook. To ai haska wasa haja ce ta sayarwa, a 2023 ma kamfanin talabijin na StarTimes ya ƙulla yarjejeniyar nuna gasar firimiyar Najeriya (NPFL) da kuɗinsa. Ko ni mai kati ban da ikon yin haka. Akwai ranar da na saita kyamara ana shirin buga fenareti, sai ga ƙeyar wani yaro ta cika min gilashi, ya juya wa raga baya yana ɗaukar fuskarsa yana ihu. Hoton ƙeya na koma da shi ofis.

Sai maganar tsaro. Kun tuna rikicin wasan Katsina United a nan Kano a watan Afrilun 2022, wanda ya jawo mana ragin maki? A irin ranar nan mai kati yana cikin shinge, taku kaɗan tsakaninsa da alƙalin wasa. In zuciyarsa ta ɗan kallo ce, ka shigo da wuta cikin rumbu.

Auta: Yaya Mai Hoto, maganar haskawa na karɓa, ni ban taɓa yi ba. Amma batun zuciya, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddebuwa, ranar da Mozambik ta farke wa Ghana biyu aka tashi 2-2 a Janairun 2024, su wa suka tare 'yan wasan Ghana da ihu da zagi a wurin hira? Masu katin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ne a wuya, 'yan jarida cikakku. Sai da CAF ta fito ta tsaurara dokoki. Kuma Kawu, da girmanka, ba ka ce komai ba a kan ambulan ɗin kuɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai. Ni ba wanda ya taɓa ba ni na goro.

Kawu: Ambulan akwai shi, ba zan yi maka musu ba, kuma abin kunya ne a sana'armu. Na ga wanda ya karɓa alƙalaminsa ya bushe. Amma kai ba ka buƙatar ambulan, soyayya ta riga ta saye ka kyauta. Bari in tuna maka. Wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, a Asaba, 2018, muna gaba da ci uku da nema, Enugu Rangers suka farke duka suka ɗauke kofi a fenareti. Me ka rubuta a daren nan?

Auta: Kawu wannan ai tonon silili ne.

Kawu: Faɗa musu dai.

Auta: Na rubuta cewa an sayar da wasan. Ba ni da wata hujja, zafin rai ne. Da asuba na goge. Lokacin ina yaro.

Kawu: Ka goge bayan mutum nawa sun tura wa wasu? 'Yan wasan nan suna da iyaye a unguwanninmu. Da shekara ta zagayo su ne dai suka ɗauko kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes, ban ga ka ba su haƙuri ba.

Anti: Na yi shiru ina karantawa, amma Kawu kai ma ka matsa da yawa. Ni aikin jarida na karanta a BUK, takardar tana cikin akwati, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Da za a bi takarda ni za a ba kati a hana Auta, alhali ban san ko sunan mai tsaron gidanmu na biyu ba. Kuskuren 2018 kuma, wane ɗan jarida ne bai taɓa yin irinsa yana sabon shiga ba? Bambancin kawai shi ya samu babba a kansa ya ja masa kunne. Ni a ganina a ba irin su Auta katin gwaji na kaka ɗaya. Sunansa na gaskiya a kan shafi, ba laƙabi ba. Babu rigar ƙungiya, babu haska wasa, in ya yi ƙazafi a karɓe.

Mai Hoto: Anti kujerun fa ba su da yawa. Kika buɗe wa ɗaya, gobe duk mai waya a Fagge da Kurna ya zama shugaban shafi.

Anti: Sai a duba aikin baya. Wanda ya yi kaka biyu yana rubuta wasan gida da na waje ai ba ya ɓuya.

Barista: In za a yi haka a rubuta sharuɗɗan kowa ya gani, kuma su hau kan kowa. Mai kati da ya tafi a hutun rabin lokaci shi ma a tambaye shi.

Auta: Riga zan cire, suna zan saka. Amma a ce minti na 90 Rabi'u Ali ya narka ta a raga ni kuma ina zaune kamar a zaman makoki? Wannan sai dai a ɗaure ni a kujera.

Kawu: Wasan gida mai zuwa ka zo gidana bayan azahar, da farar riga da littafi da biro. Tikiti zan saya mana, mu zauna cikin jama'a kafaɗa da kafaɗa. Ina so in ga hannunka lokacin da aka ci, ko biro zai riƙe ko wuyana.