Sabuwar mota dal giya na fizga, dila sai ja min rai yake, ina mafita?

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min, kaina ya kulle wlh. Ranar 10 ga Maris na karɓi mota sabuwa dal a leda, ba 'yar Kwatano ba, ta hannun kofaratif ɗin wajen aikinmu, ana yankar kuɗin a albashi duk wata. Takardar garanti ta ce shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ko sati 3 ba a yi ba ta fara wani abu, in na taso daga danja ko ina cikin gosulo sai ta yi jim kamar mai tunani sannan ta fizga gaba da ƙarfi, rannan a gadar Kawo saura ƙiris na daki bayan mai Keke ga uwargida a gaba da yarinya a cinya.

Sau 3 ina kai ta wajen dilan. Na farko suka jona kwamfuta suka goge fitilar da ke kunnuwa, na biyu suka canza man giya, na uku aka ce kayan na hanya. Yau 24 ga Mayu shiru. Duk na kira manajan sai ya ce "Alhaji kwantar da hankalinka ai garanti na nan har shekara 3." Ni kuma motar ta fita raina, so nake su canza min ko su ba ni kuɗina. Ina da wannan haƙƙin kuwa?

Barista_M:
Wa alaikumus salam. Malam agogo biyu ne ke tafiya a kanka, manajan ɗaya kawai yake nuna maka. Garantin kamfani yawanci alƙawarin gyara ne, da wuya ka ga an rubuta canji ko mayar da kuɗi a ciki. Ɗaya agogon na doka ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar CPC, sashe na 132 ya ce in kaya ba su da ingancin da ya kamata, mai saye na iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa masa, ba tara, ɗawainiyar kuma a kan mai sayarwa, shi kuma dole ya gyara ko ya canza ko ya mayar da kuɗi. Ka lissafa da kanka, daga 10 ga Maris naka wata ukun 10 ga Yuni zai cika. Kwana 17 ke nan.

Ka daina waya. Ka rubuta takarda, ka sa lambar shasi, ranar da ka karɓa, ranakun da ka kai gyara da abin da suka yi, ka ce kana mayar da motar bisa wannan sashe kuma canji ko kuɗi kake nema tunda gyara ya gagara sau 3. Ka yi kwafi 2, su buga maka hatimi da kwanan wata a naka, ka kuma tura ta imel. In sun yi biris sai ka shigar da ƙorafi a shafin FCCPC, ko kotu kai tsaye, dokar ta yarda da duka. Kuma sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa, su ne za su nuna motar ƙalau take. Ko wata ukun ya wuce garanti bai mutu ba, ƙara ma ba ta rufe ba, a Abuja da Legas shekara 6 ake da ita kan rikicin kwangila, amma hannunka ya fi ƙarfi yanzu. Tambaya ɗaya, sunan wa ke kan rasit, naka ko na kofaratif?

Oga_Panteka:
Ni bakanike ne amma wlh kar ka kawo mana ita hhh. Ko ƙusa ɗaya aka kwance a waje sun samu abinda suke so, cewa zasu yi kai ka ɓata. Kar ka sa tiraka (na'urar bin sawun mota) da za a yanka waya, kar ka maida ta gas, kar ka bari wani ya ƙara mata man giya ko da kyauta ne. Kuma wannan goge fitila da sukayi ba gyara bane, kamar mai zazzaɓi ne a fasa ma'aunin zafi a ce ya warke. In ka koma kace su fitar maka da lambobin da kwamfuta ta karanto a takarda KAFIN su goge, ko ka ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka. Sannan ka samu wani ya zauna gefenka ya ɗauki bidiyo lokacin da take fizgar, da safe inji na sanyi da kuma bayan tayi zafi, a ga allon mita da kilomita, domin mota munafuka ce, ranar da ka kaita gaban injiniya ranar zata yi lafiya lau.

Maman_Sudais:
Allah sarki, irin haka ta faru da maigidana da motar haya da ya ɗauka bashi. Shi ma haƙuri aka yi ta ba shi ta waya yana jin nauyi saboda mai wajen abokin yayansa ne. Da injin ya buga gaba ɗaya sai aka ɗauko littafin sabis aka ce ya zarce lokacin juye da 'yan kilomitoci, shikenan garanti ya faɗi, kuma duk zuwan da ya yi a baya babu ko takarda ɗaya da ta nuna ya taɓa kai kuka. Sai da muka sayar da fili. Ka duba littafin sabis ɗinka yau ɗin nan ka ga ko an buga hatimi.

Ɗan_Zazzau:
Ko a fiƙihu ma ai akwai hiyarul aibi, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ke ciki tun kafin ciniki yana da damar mayarwa. Amma malamanmu na Malikiyya sun ce in ka ga aibin ka ci gaba da mora ba uzuri, ana ɗaukarsa kamar ka yarda ne. Ni da kai ne ajiye ta zan yi, in koma hawa Keke na kwana biyu.

Abu_Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista ka sosa min inda ke ƙaiƙayi, yanzu na ɗauko fayil ɗin, sunan kofaratif ne a rasit, nawa yana kan takardun mota ne kawai. Kuma cikin zuwa 3 ɗin nan na ƙarshe ne kaɗai aka ba ni katin shaidar kai gyara, sauran biyun da baki ne, sai dai ina da hirarmu da manajan a WhatsApp inda yake cewa in kawo ta. Sabis ɗin farko an buga hatimi alhamdulillah.

Barista_M:
To Litinin da sassafe ka fara da sakataren kofaratif, takardar ta fita da sunansu da naka ku sa hannu tare, kar a ce ba kai ka saya ba. Hirar WhatsApp ɗin ka buga ta a takarda ka haɗa. In za ka bar musu motar kar ka miƙa makulli sai sun rubuta maka sun karɓa, da kwanan wata da kilomitan da ke kan mita.