"Da tsohuwar zuma ake magani": wai gidan ne zumar ko ni?

Ɗanhaya: Salamu alaikum jama'a, ku raba ni da mai gidan da nake haya. A takardar yarjejeniyarmu ta Turanci an rubuta cewa duk shekara za a yi renew. Shekara ta zagayo, ya aiko a ba shi kuɗi har da ƙari. Na ce, Alhaji, riniyu fa sabuntawa ce. Ga rufi yana yoyo, ga bangon banɗaki ya tsage, a sabunta gidan sai in sabunta kuɗi. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani." Tun jiya nake juya maganar. Gidan ne zumar, ko shi, ko ni?

Ticha: Wa alaikumus salam. Ta fuskar Turanci dai Alhaji ya kayar da kai. Riniyu ɗin haya kamar na lasin tuƙi ne ko na data, wa'adi ake ƙarawa, ba a taɓa jikin abin. Fasfonka na shekara 5 ko 10 in ya ƙare ka je riniyu, sabon littafi za a ba ka, amma kai ɗin nan ne dai a ciki. Gyaran gini rinobeshan suke cewa. Kalmar tana da ɗiban kaya. Da ita suke kiran makamashin rana da na iska, wai mai sabuntuwa. Har ma'auratansu sukan koma coci bayan shekara 25 su yi wa alkawarin aure riniyu.

Na Kwari: Ticha, a nan sabunta aure ai sunansa ƙaro ta biyu.

Maman Biyu: Na Kwari, Allah ya shirye ka. Ɗanhaya, kai ne zumar. Nufinsa tsohon ɗan haya ya fi sabo, wato lallashinka yake yi.

Na Kwari: Wane lallashi da ƙarin kuɗi, Hajiya? Ita zumar ai matse ta ake yi daga saƙa. In dai shi ne zumar, to ya shirya.

Almajirin Zaure: Ni ina ganin karin maganar da kalmar ba su yi hannun riga ba. Malamai tajdidi suke cewa. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, a kan kowace shekara ɗari Allah yana aiko wa al'ummar nan wanda zai jaddada mata addininta. Shi ya sa ake kiran Shehu Ɗan Fodiyo Mujaddadi, alhali a 1804 ba sabon addini ya kawo ba, tsohon ya kakkaɓe wa ƙura. Haka mai jaddada alwala, ai da alwalarsa yake sakewa. Sabuntawa ta gaskiya komawa ce ga tsohuwar zumar.

Ɗanhaya: Allah ya gafarta Malam, na ji. To shi rufin wa zai jaddada shi?

Jikar Iya: Ni da na ga riniyu sai na tuna rini. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wani zanen saƙi guda ɗaya da ta shigo da shi gidan miji. Duk azumi in ya kai goman tsakiya sai ta naɗe shi cikin ƙullin tsumma, ta ba ni a ɓoye in kai marina a Ƙofar Mata. A tsoma shi a baba, a shanya, a kai wa masu bugu. Ranar Sallah ta fito da shi yana sheƙi yana ƙamshin baba, har wuyanta da tafin hannunta sai sun yi shuɗi. Kishiyarta kuwa, Allah ya jiƙanta ita ma, ta haƙiƙance duk shekara Malam sabon zane yake saya wa uwargida. Ranar Sallah sai an yi rigima. Malam ya rantse ya kuma rantsewa, Iya tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ko tari ba ta yi. Na fi shekara goma ina wannan aike, ladana ƙosai.

Maman Biyu: Kai, matan da! Sai aka yi yaya?

Jikar Iya: Wata Sallah ta durƙusa za ta gai da yayan Malam a zaure, sai ji muka yi kyaaat, zane ya dare daga baya har ƙasa. Zaren ya riga ya ci kansa, rinin ne kawai yake rufa masa asiri. Kishiyar ta ɗaga shi a rana, ta ga wani ɗinki da ita da kanta ta taɓa yi masa tun tana amarya. Dariya ta dinga yi har da hawaye, daga nan ta ɗauko nata ta ara wa Iya. Zanen bai tafi a banza ba fa. Rabinsa aka goya ƙanena da shi, saura ya zama gammo.

Na Kwari: Ashe tun da can ake irin abin da aka yi wa naira a 2022. An ɗauki ɗari biyu da ɗari biyar da dubu an tsoma a marina, muka kwana a layin banki, daga baya kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin.

Ɗan Tasha: Wasu ma cewa suka yi za su sabunta mana fata. Mun zaci fatan alheri ake nufi, ashe fatar jiki ce, ga shi duk mun saɓule.

Ticha: Akwai wata makaranta a ƙauyenmu, sau uku ana yi mata rinobeshan. Bangon da ke kallon titi kaɗai ake shafa wa fenti, a kafa allo da hoton mai girma. Ajin baya har yau ba rufi.

Almajirin Zaure: Wannan kuma gyaran gangar Auzinawa.

Ticha: A'a Malam, su Auzinawa ai sun taɓa gangar.

Ɗan Tasha: Wai ma tukuna, ina ake samun tsohuwar zumar yanzu? Wadda na saya a tasha kwana uku ta yi, sikari ya kwanta a gindin kwalba.

Ɗanhaya: Jama'a kun bar ni a tsakiyar ruwa. Hadari ya haɗo, na jera bokiti uku a falo. Jikar Iya, su mutanen Ƙofar Mata suna rina kwanon rufi?