Musayar Waƙa: Faɗan Iyakar Merilan da Fensilbaniya

Malam Na-Zazzau:
Salamu alaikum. Ga ƙafa na sa, amsa-amon "wa". Batunmu rigimar gona ce tsakanin Turawan Merilan da na Fensilbaniya a Amurka, tun suna ƙarƙashin Ingila.

Sarakai na Landan, ba su ga dajin ba,
Da alƙalami suka yi ta rabawa.
Sarki uba ya ba Calvert Merilan a 1632,
Har layi na 40 a taswirar duniya take kaiwa.
Ɗansa ya ba Penn Fensilbaniya a 1681,
Takardu biyu, fili ɗaya suke nunawa.

Ɗan Gobir:
Allah gafarta Malam, Merilan nake bi,
Takardarsu ta riga fitowa.
A auna layin nan tsakani da Allah,
Filadelfiya cikin Merilan take faɗawa.
Shi ya sa Cresap, mutumin Merilan, ya kafa gidansa
Yamma da kogin Saskuhana, ba ya gusawa.

Baba Manomi:
Ɗana, takarda ba ta huɗa,
Mai sassabe shi ya san wahalar nomawa.
Gwarzon nan naka fitinanne ne,
Dawakin maƙwabta yake kashewa.
Aka zo kama shi, ya yi harbi ta ƙofa,
Mutum ya faɗi, babu tasowa.
Jamusawan da suka share gonaki
A 1736 suka gaji da jurewa,
Suka ce daga yau Penn muke bi,
Merilan ta turo mayaƙa don korawa.
Talaka na tsakiya da buhun hatsinsa,
Bai san wa zai biya haraji ya huta da tsangwamawa.

Ɗan Gobir:
To Baba, ƙarasa mana labarin!
Nuwamban shekarar, wa ya yi ƙonawa?
'Yan dokan Lankasta ta Fensilbaniya suka kewaye gidan Cresap,
Iyali na ciki, wuta na kamawa.
Aka kai shi Filadelfiya cikin mari,
Jama'a sun fito kallo suna zundawa.
Ya dubi garin, ya ce duk a Merilan
Wannan na cikin garuruwa kyawawa.

Ni wannan taurin kan ne ya saye ni, wallahi.

Hajiya 'Yar Katsina:
Baba da ƙanena, ku dakata,
Kuna ta rabon abin da ba ku tambayi masu shi ba tun farawa.
Ina 'yan asalin ƙasar, Konestoga da Lenafe?
Su aka tarar bakin kogin suna shukawa.
1737 'ya'yan Penn suka ce
Tafiyar yini da rabi za su yi ta aunawa,
Suka ɗauko masu gudu, aka share hanya,
Ƙasar Lenafe ta tafi, ba dawowa.

Malam Na-Zazzau:
Hajiya, kin yi gaskiya. Bari in kai ku ƙarshen shari'ar.

Sarki George na biyu ya tsawata,
1738 aka yi sasantawa.
1763 masu awo Mason da Dixon suka sauka,
Da taurari suke dubawa.
Kowane mil dutse, gefe M, gefe P,
Mil 15 kudu da Filadelfiya layin ke ratsawa.
Ɗan Gobir, garin ya kuɓuce maka.

Hajiya 'Yar Katsina:
Ƙara da wannan, Malam: a 1767
'Yan rakiyarsu Irokwa, 'yan asalin ƙasar, suka ƙi wucewa.
Suka ce iyakarmu ke nan, ba ma gaba,
Masu awo suka juya, aiki bai kai ƙarewa.

Ɗan Gobir:
Na ji, an kayar da ni a dutse,
Amma Baba, kar ka fara darawa.
Cresap ya fito, ya nausa yamma,
Bakin kogin Fotomak ya sake kafawa.