Neman shawara: danne-dannen waya na neman kashe min gida

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Na daɗe ina so in yi maganar nan kunya tana hana ni.

A lokacin kullen korona na 2020, da aka rufe Kano maigida ya zauna ba shiga ba fita, na fara sayar da turaren wuta da humra a status ɗin WhatsApp. Da kuɗin adashi na fara. Ƙanwar mamana da ke Maiduguri ce ke aiko min da kayan a mota, in zuzzuba a kwalabe, in shimfiɗa farin zani a bakin taga in ɗauki hoto. Da abin ya karɓu na ƙara da atamfa da leshi, ina sarowa a Kantin Kwari. Alhamdulillah, kuɗin Islamiyyar yara da kayan Sallarsu duk daga nan suke fitowa, har firji na saya.

To yanzu ban san ranar da wayar ta tashi daga ta sana'a ba. Zan shiga in amsa wa mutum ɗaya farashin kaya, sai in farga awa biyu sun wuce ina TikTok ina kallon rigimar mutanen da ban taɓa gani ba. Ba na kwanciya sai ƙarfe biyu, Asuba ta wuce ni sau uku a satin nan. Shekaranjiya na ɗora wake har ya ƙone ƙurmus, ƙaramar 'yata tana jan zanina tana cewa "Umma ki kalle ni mana", wallahi ban ji ta ba sai da ta fashe da kuka. Maigida ya faɗi wata magana da ba zan maimaita a nan ba. Sau huɗu ina goge TikTok ina dawo da shi. Ku taimaka min, ya zan yi?

Anti Malama:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ba wani dogon bayani. Ki sayar da wayar, ki sayi 'yar rakani-kashi mai tocila. Ni shekarata biyu da yin haka kuma ban mutu ba. Wanda yake son ki zai kira ki. Abin da ya raba ki da Asuba ba arziki ba ne, ko nawa yake kawo miki.

Mai tambaya:
Anti na gode, amma da me zan tura hoton kaya? Mai saye ba ta sayen leshi sai ta ga kalarsa. Kuma alat ɗin banki duk a nan nake dubawa.

Anti Malama:
Kafin a yi WhatsApp mata ba sa sana'a ne? Iyayenmu da dillaliya suka yi, kuma sun aurar da 'ya'ya da gado da langa.

Maman 'yan biyu:
Hmm, ke naki ma da sauƙi, kin san kina da matsala. Ni maigidan ne. Zai dawo daga kasuwa, a ajiye masa tuwo, hannu ɗaya a kwano ɗaya a waya, yana sauraron gardamar siyasa a Facebook. In na yi magana ya ce labarai yake ji. Yaran har sun daina yi masa oyoyo. Amma ranar da ni na riƙe waya minti goma, ranar za a tuna da wa'azi.

'Yar Zariya:
Wallahi nawa ma haka yake, shi ƙwallo ce. Ga kuɗin data, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 abin ya zama kamar cefane na biyu, amma kuɗin madarar yaro sai an yi daru.

Nas mai aikin dare:
'Yar uwa ki daina ganin kamar ke ce mara ƙarfin zuciya, da gangan aka gina abin haka. Shafin nan da ba ya ƙarewa, kina ja yana ƙara zuwa, wani Ba'amurke Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, daga baya ya fito ya ce yana nadama. Littafi yana da ƙarshen shafi da zai sa ki tsaya, wannan ba shi da shi. Su kansu TikTok a Maris ɗin 2023 sun sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 iyakar minti 60 a rana, kin ga sun san abin da suke sayarwa.

In Android ce ki shiga saiti ki nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time. Zai nuna miki awa nawa kowace manhaja ta ci, kuma za ki iya sa wa TikTok iyaka. A iPhone ana kulle iyakar da lambar sirri, ki ba wata ta sa ta riƙe. Ki kashe ƙarar shigowar saƙo ta komai ban da kira. Da dare ki mayar da fuskar wayar baƙi da fari, za ki ga kallon ya fita a ranki. Mafi girma, wayar ta kwana a falo tana caji, ki sayi agogo mai ƙararrawa saboda Asuba.

Mai tambaya:
Na duba yanzu. Awa tara da minti goma jiya, innalillahi. WhatsApp awa uku, sauran duk kallo ne. Amma kwana a falo zai yi wuya gaskiya, masu saye da yawa sai sun gama aikin gida ƙarfe sha ɗaya suke magana, in ban amsa ba wata za su nema. Kuma wutarmu sai dare ake kawowa, soket ɗin da ke aiki yana gefen gado.

Anti Malama:
Kin gani ko? Duk wadda ta ba ki mafita sai ki kawo dalili. Awa shida na kallo ba ciniki ba ne. Wannan saiti da Nas take faɗa, na ga masu yi, kwana uku suke cirewa da hannunsu. Mai jarabar goro ba a ba shi ajiyar huhu.

Nas mai aikin dare:
Anti ba kowa ne zai iya irin naki ba, ke albashi kike ɗauka. A raba ta da abincinta, gobe ta koma roƙon kuɗin omo?

Anti Malama:
To a bar ta har mijin ya yanke nasa hukuncin. Ni na faɗi gaskiyata.

Hajiya mai kayan kicin:
Ku yi haƙuri da juna. Ni waya biyu na yi, tsohuwa da WhatsApp Business kaɗai a kai, na rubuta saƙon da ke amsa wa mutum da kansa cewa ana buɗewa ƙarfe tara a rufe bayan Isha'i. Wasu sun tafi, yawanci sun saba. Amma ƙanwata ina da tambaya, me kike gudu da dare? Ni da na zauna na duba kaina, lokacin rasuwar mahaifiyata ne abin ya kama ni, ba na son in kwanta shiru in yi tunani.

Mai tambaya:
Hajiya ba abin da nake gudu, lafiya lau muke. Kawai in yara sun yi barci shi ne lokacin da nake jin nawa ne. Tun asuba ina kan ƙafa, ba mai tambaya ta ya na wuni. In aka karɓe wannan ma me ya rage min? Waya ta biyu kuma ba ni da kuɗinta yanzu, jarin duk yana cikin kaya.

Maman 'yan biyu:
Wannan magana taki ta taɓa ni. Ba mai tambaya wallahi.

Anti Malama:
Ki tashi ki yi nafila a wannan lokacin, ki ga ko ba za ki sami mai sauraron ki ba.

Mai tambaya:
In sha Allah Anti. Zan fara da iyakar awa ɗaya in gani, amma wayar dai ba zan sayar ba.

Wata sabuwa a zaure:
Salam, yanzu na karanta daga sama. Ni ɗaliba ce, jarrabawa saura sati biyu, ko shafi ɗaya ba na iya gamawa ban ɗauki waya ba, kuma duk darasin a guruf ɗin aji ake turowa. Nas don Allah, a Tecno ina ake samun wannan saitin?