Neman shawara kan dokokin kwas ɗin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar kwamfuta a wata jami'ar Amurka da ke koyarwa ta intanet, kuma ina haɗa shi da aikin ofis a nan Kano. A wannan zangon na ɗauki kwas ɗin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta, wato nazarin yadda ake tsara manhaja da na'ura su dace da wanda zai yi amfani da su. Takardar tsarin kwas ɗin ta nuna cewa yawancin maki yana kan rahotannin da za mu rubuta, da bincike a kan mutane na gaske, da duba aikin sauran ɗalibai. Dokoki uku ne suka tsaya mini a rai. Ba a yarda ɗalibi ya yi hira da kowa ba sai ya kammala horon ɗa'ar bincike, kuma sai kowane mahalarci ya sa hannu a takardar amincewa. Ba a karɓar aikin da ya wuce ƙarfe 11:59 na daren Lahadi agogon New York. Sannan an halatta tuntuɓar ƙirƙirarriyar basira, amma an hana kwafe abin da ta rubuta.

Burina shi ne in yi nazarin yadda mata masu sayar da abinci a kasuwa suke karɓar kuɗi ta waya da ta hannun masu POS. Da yawansu ba sa karanta boko, kuma na san da zarar na fito da takarda da biro na ce a sa hannu, hirar ta mutu. Shin in sauya batu ne, ko akwai hanyar da zan bi ba tare da na karya doka ba?

Wata malamar jami'a, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ɗauki wannan doka a matsayin shingen da aka kafa don a wahalar da ɗalibai, domin tana da tarihi mai ɗaci. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta gudanar da bincike a garin Tuskegee na jihar Alabama kan baƙaƙen fata 600, waɗanda 399 daga cikinsu suke ɗauke da ciwon tunjere, aka bar su ba magani ko bayan an samu fenisilin, maganin da ke warkar da cutar. Fallasar wannan ce ta haifar da dokar bincike ta 1974 da rahoton Belmont na 1979, wanda ya kafa ginshiƙai uku: girmama mutum, kyautata masa, da adalci. Horon da aka ce ka yi a kansu ya ginu, kuma ba zai ci maka fiye da 'yan sa'o'i ba, don haka ka gama shi a makon nan.

Tsoron da matan kasuwa suke yi wa takarda ma yana da tushe, kai da kake Kano ka fi ni sani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200 a Kano, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce an nemi yardar iyaye da baki, iyaye da dama kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka daɗe ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Aikinka bai kai wannan hatsari ba ko kusa, amma darasin ya shafe ka: amincewar da aka bayar da baki tana da inganci ne kawai idan an tsara ta tun farko, kuma akwai shaidar abin da aka faɗa.

Dokokin Amurka kansu sun ba kwamitin ɗa'ar bincike ikon ɗage sharaɗin sa hannu idan binciken ba shi da wani hatsari sosai. Sai dai ba kai ne za ka ɗage wa kanka ba. Ka rubuta wa malamin kwas ɗin yau, ka bayyana masa su wane ne mahalartanka, ka haɗa da bayanin da za ka karanta musu da Hausa tare da fassararsa, wanda zai ƙunshi ko kai wane ne, me za ka yi da amsoshinsu, da cewa suna iya tsayar da hirar a duk lokacin da suka ga dama. Ka jira amsa a rubuce kafin ka tako kasuwa. Duk hirar da aka yi kafin izini, komai kyanta, ba ta shiga rahoto.

Wani tsohon ɗalibi da ya yi irin wannan kwas:

Malama ta gama magana kan ɗa'a, ni kuwa batun lokaci zan taɓa. Ƙarfe 11:59 na dare a New York daidai yake da 4:59 na asubahin Litinin a Nijeriya daga Maris zuwa farkon Nuwamba, amma idan suka mayar da agogonsu baya a Lahadin farko ta Nuwamba sai ya koma 5:59, sannan a Lahadi ta biyu ta Maris ka sake rasa wannan sa'a guda. Shawarata ita ce ka ɗauka wa'adinka ya cika da la'asar ɗin Asabar, saboda ɗaukewar wuta ko yankewar intanet ba uzuri ba ne a wurinsu, rashin lafiya ko rasuwa kuwa sai da takardar shaida ta ofishin kula da ɗalibai. Kada kuma ka raina makin duba aikin abokan karatu, domin shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Game da batun bincikenka, gaskiya ni ina ganin ka zaɓi abu mai sauƙi. Zangon karatu wata huɗu ne kacal, kana da aiki, kuma abin da za a auna shi ne ko ka bi matakan: gano buƙatun masu amfani, fito da dabaru daban-daban, ƙera samfurin gwaji, da gwada shi. Abokan aikinka na ofis za su wadatar.

Wani mai tsara manhajojin kuɗi, daga Abuja:

Ɗan uwa, ka yi mini afuwa, a nan ban bi ra'ayinka ba. Abokan ofis suna karanta Turanci, suna da manyan wayoyi, kuma za su faɗa masa abin da ya riga ya sani. Duk fannin nan an gina shi ne a kan cewa mai tsara manhaja ba shi ne mai amfani da ita ba, kuma malami mai hankali zai fi daraja rahoton da ya gano abin da ba a zata ba.

Na taɓa zama kusa da wata mai sayar da shinkafa da wake ina kallon yadda take tabbatar da an biya ta. Mai saye ya nuna mata fuskar wayarsa, ba ta ko kalla ba, sai ta ciro ƙaramar wayarta daga bakin zani tana jiran ƙarar saƙo. Da saƙon ya shigo sai ta miƙa wa wani yaro ya karanta mata adadin, domin jerin lambobin da ke cikinsa, na kuɗin da ya shigo da na ragowar asusu da na kwanan wata, duk sun cakuɗe mata. A lokacin nan mutum uku suna tsaye da kwanuka, hannunta ɗaya kuma yana riƙe da ludayi. Babu takardar tambayoyi da za ta nuna maka wannan, sai ka zauna ka gani da idonka.

Kai kuma mai tambaya, ba taron jama'a kake buƙata ba. Jakob Nielsen, wani masani a wannan fanni, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja, muddin dai mutanen rukuni ɗaya ne, don haka kada ka haɗa masu wayar shafa da masu ƙaramar waya a lissafi guda. Ka bi ta hannun shugabar matan wurin ko wata 'yar uwarka da suka sani, ka je bayan cinikin rana ya lafa. Kada ka taɓa neman lambar sirri, kada ka ɗauki hoton saƙon banki. Ka zana fuskar wayar a kwali da adadin kuɗi na ƙarya, su gwada a kai.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Zan ci gaba da batun matan kasuwa, kuma zan rubuta wa malamin yau in sha Allahu. Saura tambaya ɗaya, Malama: tunda da Hausa zan yi hirar, rahoton kuma da Turanci, ko zan iya sa ChatGPT ya fassara mini maganganunsu?

Malamar jami'a:

Ban ba ka shawarar haka ba, ƙanena, saboda dalilai biyu. Na farko, idan ka yi wa mace alkawarin cewa maganarta ba za ta wuce kai da malaminka ba, sannan ka ɗora ta a manhajar wani kamfani, ka saɓa alkawari, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 tana kallon murya da suna a matsayin bayanan mutum da ba a sarrafa su yadda aka ga dama. Na biyu, fassarar tana cikin nazarin kanta. Idan mace ta ce maka "ba laifi" tana kawar da kai, kai ne ka san ba yabo take yi ba, na'ura kuwa za ta rubuta maka cewa ta gamsu. Ka fassara da kanka, ka cire sunaye ka sa lambobi a madadinsu, ka kawo muhimman maganganun da Hausarsu tare da fassara a ƙasa. Idan kuma ka nemi taimakon na'urar wajen gyaran nahawun Turancinka, ka haɗa wannan tambayar a cikin wasiƙar da za ka aika yau, sannan ka ambaci abin da ka yi a ƙarshen rahoton.