Na saka shugabansa a kwafin imel, yanzu gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa

Ma'aikaciya daga Ƙofar Ƙaura ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin ofis, domin wani abu ya shiga tsakanina da abokin aikina, kuma har yanzu na kasa tantance ko ni ce mai laifi. Ina aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a cikin garin Katsina, kuma duk bayan wata uku ni ke haɗa rahoton da ake aika wa masu ba mu tallafi. Rahoton ba ya kammaluwa sai sashen kuɗi ya ba ni lissafin abin da aka kashe, mai wannan aiki kuwa wani dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda kowa a ofis ke kira Malam.

Ranar Litinin na aika masa imel ina roƙon lissafin wani taron horo da muka yi a Daura, ban ji komai ba. Ranar Laraba na tunatar da shi, nan ma shiru. Da Litinin ta zagayo, saura kwana biyu wa'adi ya cika, sai na rubuta na uku, na saka shugaban sashensu a layin kwafi, wato Cc, inda ake saka sunan wanda ake so shi ma ya ga saƙon, ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya mai zafi ba. Ko minti ashirin ba a yi ba lissafin ya iso, amma babu sallama, babu gaisuwa, takardar ce kawai a maƙale. Tun daga ranar, mutumin da ya saba leƙowa ya tambayi lafiyar yarana, wanda matarsa ta zo sunan 'yata da turmin atamfa, idan na gaishe shi sai ya amsa idonsa na kan kwamfuta. Direbanmu ya tsegunta mini cewa Malam ya ce na kai ƙararsa wurin oga. Shin na yi kuskure ne, ko kuwa haka aikin yake buƙata?

Tsohon akawu daga Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na kama aikin gwamnati tun muna ƙarƙashin Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, na yi shekara 35 sannan na yi ritaya, saboda haka bari in faɗa miki abin da kunnen Malam ya ji, wanda ya bambanta da abin da hannunki ya rubuta.

Waɗancan haruffa biyu na Cc da kike gani a saman imel sun samo asali ne daga takardar kabon. A zamaninmu mai buga tafireta yakan saka baƙar takardar nan tsakanin farare, ya buga sau ɗaya ya fitar da kwafi biyu ko uku, sannan a ƙasan wasiƙar a jera sunayen waɗanda za a kai wa. Kwafi yana cin takarda, yana cin lokacin masinja, don haka ba a yinsa sai da dalili, kuma idan aka rubuta wa ƙaramin ma'aikaci wasiƙa aka kai wa shugabansa kwafi, kowa ya san inda takardar za ta kwana, wato cikin fayil ɗinsa, wanda za a buɗe ranar da ake maganar ƙarin girma. Sau da yawa irin wannan kwafi shi ne ɗan saƙon da ke zuwa gabanin takardar tuhuma, wadda muke kira kweri. Wanda ya taso a wannan tsari, ko ya koyi aiki a hannun waɗanda suka taso a ciki, ba zai ga sunan shugabansa a layin kwafi ya ɗauke shi sanarwa kawai ba.

Akwai kuma ƙa'idar bin hanya. Ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa Babban Sakatare kai tsaye, sai ya rubuta ta hannun shugaban sashensa, kamar yadda a ƙasar Daura mai rikicin gona ba ya tsallake mai unguwa da dagaci ya faɗa gaban hakimi. Ke kin tsallake matakai biyu. Na farko shi ne ƙafarki, domin ban ga inda kika ce kin taka zuwa ofishinsa ko kin buga masa waya ba, alhali rufin gini ɗaya ne a kanku. Na biyu shi ne shugabanki, wanda shi ya dace ya yi magana da takwaransa idan abu ya gagara. Shawarata ita ce ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce wa'adi ne ya matsa ki kuma ba ki nufi tozarta shi ba. Kada ki aika ban-haƙurin ta imel, domin ta nan ɓarnar ta shigo.

Wani matashi mai aiki a Katsina ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izini in saɓa maka a wani ɓangare, domin na taɓa zama wanda ya bi kunya ya sha wuya. A wani kamfani da na yi wa aiki, na yi mako uku ina bin wani babba a kan takardun da zai sa wa hannu, kullum da baki, kullum amsarsa ita ce in sha Allahu gobe. Ranar da abin ya fashe, aka tara mu gaban manaja, sai ya ce shi bai tuna na taɓa kawo masa maganar ba, ni kuwa ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna. Ni aka ba kweri, shi kuma ya ci gaba da amsa gaisuwata da fara'a.

Saboda haka ban ga laifin 'yar'uwarmu ba da ta nemi shaida, kuma addininmu ma bai ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda ba, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ta rubuta sau biyu an yi mata shiru, kuma da rahoton ya makara, sunanta za a kira, ba na Malam ba. Inda nake ganin ta rage shi ne rashin gargaɗi. Da a saƙo na biyu ta ce, "Malam, idan ban samu ba zuwa Litinin, zan sanar da shugabanninmu domin su san dalilin jinkirin," da zaɓi ya koma hannunsa, kuma da ba zai ce an yi masa kwanton ɓauna ba. Ni yanzu ɗabi'ata ita ce in je in yi magana da baki, in dawo in rubuta gajeren imel cewa ga abin da muka tsayar ga kuma ranar da muka sa, ba tare da kwafi ga kowa ba. Hakan ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Wata shugabar sashe a babbar makaranta ta amsa:

Ƙanwata, ni ina zaune ne a kujerar da ake turo wa irin wannan kwafi, don haka zan faɗi yadda abin yake daga wannan gefe. Idan na buɗe akwatin saƙona na tarar an saka ni a cikin magana tsakanin mutum biyu ba tare da bayani ba, ban san abin da ake so in yi ba: in karanta in wuce, ko in kira wani in tsawata masa? Mafi yawanmu mukan ɗauka na biyun ake nufi, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru ke nan a cikin waɗannan minti ashirin. Mai yiwuwa an kira Malam an yi masa magana a gaban na ƙasa da shi, ke kuma ba ki sani ba.

Kwafi ga shugaba ba ya ciwo idan an saba da shi tun daga saƙon farko, wato idan an amince a ofis cewa duk maganar rahoton tallafi da shugabannin sassan biyu a ciki. Wanda ke ciwo shi ne sunan da ya ɓullo kwatsam a saƙo na uku, domin ɓullowar tasa kaɗai ta riga ta ce wannan mutum ba ya aikinsa. Idan dole ta sa za ki ƙara shugaba a tsakiyar magana, ki ambata a jikin saƙon cewa kin saka Yallaɓai saboda shi zai sa hannu a rahoton, ko saboda ana buƙatar ya ƙara wa'adi. Haka kuma yana da kyau shugaba ya riƙa ganin sunanki a ranar godiya, lokacin da wani ya yi miki aiki mai kyau kika yaba masa, ta yadda kwafinki ba zai zama alamar tashin hankali ba.

Zan ja kunnenki a kan ɓoyayyen kwafi, wanda ake rubutawa Bcc, domin na san wasu za su ce da shi kika yi amfani da an zauna lafiya. Wanda aka ɓoye sunansa yana iya danna amsa ga kowa bisa kuskure, nan take asiri ya tonu, kuma wanda aka yi wa hakan ba ya sake yarda da ke. Sannan lissafin taro yakan ƙunshi sunayen mahalarta da lambobin asusunsu na banki, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, saboda haka duk sunan da kika ƙara a layin kwafi ki tabbata yana da hurumin ganin abin da ke maƙale. Amma idan magana ta zama ta almundahana ko cin zarafi, wannan ba ta kwafi ba ce, sai a je wa shugaba ko sashen kula da ma'aikata kai tsaye.

Mai tambaya ta sake rubutowa:

Na gode Baba, na gode Hajiya, na gode ɗan'uwa. Jiya bayan sallar Azahar na same shi a ofishinsa shi kaɗai, na yi yadda Baba ya ce. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ambulan ya zazzage rasitai a gabana. Ashe rasitin ɗakin taro da na man mota biyu ba su iso gare shi ba, kuma a hannun wani yaro na sashenmu suke. Ya ce ya yi shiru ne domin kada ya rubuta sunan yaron a imel, yana ta binsa da baki, kuma lissafin da ya turo mini a ranar bai cika ba, ya turo ne saboda an tsaya a kansa. Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini ko da a hanya ne, sai ya ce wannan kam laifinsa ne.

Mun tsayar cewa daga rahoto na gaba shugabannin biyu za su kasance a kwafi tun saƙon farko, kuma zan riƙa leƙa shi mako guda kafin wa'adi. Abin da ya rage mini shi ne shugabansa, wanda har yanzu yana zaton Malam ne ya yi sakaci. Hajiya, in rubuta masa ne in gyara, ko in roƙi shugabana ya yi masa bayani?

Shugabar sashe ta amsa:

Ki rubuta da kanki, a ƙarƙashin wancan saƙon da kika saka shi a ciki, domin a inda aka ga zargin a nan ya kamata a ga gyaran. Layi biyu sun isa: jinkirin ya faru ne saboda wasu rasitai sun makara daga sashenku, kuma kina gode wa Malam bisa haƙurinsa. Kada ki ambaci sunan yaron, tunda Malam ya sha faɗa ne domin ya rufa masa asiri, kuma ki nuna wa shugabanki saƙon kafin ki tura, saboda sashensa ne zai ɗauki laifin.